Mi ya hana a ce makitsiya ce?

Satin da ya wuce wata tsohuwa ta rasu a unguwarmu nan Tawa, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Duk wanda ya tashi a wajejen namu ya san ta, Inna Mai Kitso ake ce mata, har jikokinta in suna yi wa mai adaidaita kwatancen gida haka suke cewa, ka kai ni gidan Inna Mai Kitso. Ta haura tamanin, kuma tun tana budurwa take kitso har sai da yatsunta sunka ƙi lanƙwasuwa.

An yi sanarwar rasuwar a rediyo, an kuma watsa ta a WhatsApp. Kun dai san yadda ake yi, babban gidan wane a Tawa da Yamai da Abijan, iyalan wane a Konni da Illela, zuri'ar wane a Keita, sannan anka jero ɗiyanta ɗaya bayan ɗaya kowa da muƙaminshi, wane mushen lakwal mai ritaya, wance ma'aikaciyar likita, wane ɗan kasuwa a Abijan, har surukai sai da anka faɗi inda kowa ke aiki. Da anka zo kan mamaciyar kuwa sai anka ce Hajiya wance, matar marigayi wane. Shi ke nan. Ko kalma guda ba a ce ba game da kitso.

Wurin zaman makoki na matsa kusa da babbar ɗiyarta na tambaye ta a hankali, na ce Yaya, ya anka yi ba a sa sana'ar Inna ba? Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Haba ƙanwata, kitso kuma? A rediyo? Ai sai mutane su ce ba mu riƙe ta ba."

Ban ja maganar ba, gidan rasuwa ba wurin gardama ba ne, amma amsar nan ta tsaya mini a rai.

Ni ra'ayina a fili yake. In mace ta yi shekara hamsin ko sittin tana sana'a da hannunta, ta ciyar da gida da ita, ta sa ɗiya lakwal da ita, to ranar da za a tuna ta a faɗi sana'ar da babbar murya kamar yadda ake faɗin ta soja ko ta likita. Ɓoye ta rage wa mamaci haƙƙi ne ko da niyyar mai ɓoyewar ta alheri ce. Kuma abin bai tsaya kan mamaci ba, yana taɓa matan da suke zaune yanzu haka da kan wata a cinyarsu.

"Ai ita uwa ce, wannan ya isa"

Wannan shi ne abin da aka fi ce mini. Wai an ce uwa, an ce kaka, mi ya fi wannan daraja?

Ba ni musu, babu abin da ya fi. Amma mu da muke Adar mun san da mi ake yin uwancin nan. Ƙasarmu ƙasar bida ce tun kakanni, ana gama girbi maza su ɗaura jaka, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Kamaru, daga baya Libiya da Aljeriya. Wani ya dawo da damina, wani sai ya shekara uku, wani saƙo kawai ake gani, wani ko saƙon babu. To gidan da anka bari wa ke riƙe da shi daga wannan saƙo zuwa wancan? Tiyar hatsin da za a daka yau, sabuni, kaye da bik na yaro, ordonansi in zazzaɓi ya kama jariri cikin dare, duk daga ina suke fitowa?

A gidan Inna daga kan mata suke fitowa, dala ashirin nan, dala hamsin can, wata ta biya da tiyar hatsi, wata da goro, wata ta ce sai mai gida ya aiko.

Ku duba shekarun da matar nan ta ratsa. Farin 1973 da 1974 wanda ya kashe dabbobi ya kuma tahi da gwamnatin Diori Hamani. Yunwar 1984 da mutane ke kira El Buhari, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka, mu kuwa rabin cefanenmu ta Konni yake shigowa. Watan Janairun 1994 anka karya darajar sefa rabi da rabi, kaya sunka yi tsada dare ɗaya, kuma a shekarun nan ne ma'aikacin gwamnati zai yi wata da watanni albashi bai fito ba. Rikicin Kodebuwa na 2002, sannan faɗuwar Gaddafi a 2011, mazanmu sunka dinga dawowa hannu rabbana a bayan manyan motoci. A duk waɗannan lokuta kitso ya ragu amma bai tsaya ba, don ko ana yunwa ana haihuwa, ana suna, ana aure, Salla kuma ba ta fasa zuwa.

Shi mushen da anka sa muƙaminshi a sanarwa, sa'ilin da albashi ya maƙale, tukunyar wa yake aiko yara su ɗiba? Duk unguwa an sani. To in za a ce ita uwa ce ta ƙwarai, a ƙarasa maganar mana, a faɗi abin da ta yi uwancin da shi.

"Kitso kuma sana'a ce? Kowace mace ta iya"

Wanda ke faɗin haka ko dai namiji ne ko macen da ba ta taɓa kwana da ciwon kai ba saboda ta faɗa hannun wadda ba ta iya ba.

Kowace mace ta iya kama gashin ƙanwarta ta yi mata kalaba biyar ta tahi lakwal, wannan gaskiya ne. Amma ku zo ku ga hannun gwana. Inna tana zama kan ƴar kujerarta ta katako gindin bedi, ke kina kan tabarma, kanki na tsakanin gwiwoyinta. Tsinken ƙarfe na soke a ɗankwalinta, man shanu na cikin wani tsohon gwangwani gefen ƙafarta. Kafin ta fara sai ta shafa kan gaba ɗaya da tafin hannu kamar mai neman wani abu, tana duba inda gashi ya yi kauri da inda ya yi laushi, inda goshi ya fara cinyewa don kar ta ja wurin. Sannan ta zare tsinken ta tsaga layi ɗaya daga goshi har ƙeya, ba madubi, ba awo, kuma in kin duba bayan an gama layin nan ya raba kan daidai. Ta san kan da zai ɗauki shuku da wanda sai zane, ta san yadda ake kama gashin jaririya ba ta yi kuka ba, ta san doka irin ta da wadda yau in kin ce a yi miki sai an yi ta neman mai iyawa. Kitsonta na yin wata bai tashi ba, kuma ba ya hana ki barci daren farko.

Wannan ba a haihuwar mutum da shi. Shekaru ake yi ana tsifa wa gwana, ana miƙa mata mai, ana ƙarasa mata jelar kitso, kafin ta yarda ta ba ki kan baƙuwa.

Kuma ku lura da wuraren da ake nemanta. Amarya ba ta fita sai ta bi ta hannunta. Mai jego kafin ranar suna. Wadda ta gama takaba, bayan wata huɗu da kwana goma, farkon abin da ake yi mata bayan wanka shi ne a kira makitsiya. Jajibirin Salla kuwa ba a magana, yara a jere tun la'asar kowace da ɗan kuɗinta ƙulle a bakin zane, in kuran ya ɗauke a kunna fitila a ci gaba, sai an kira asalatu take miƙe bayanta, ita kanta sau da yawa da tsohon kitso take zuwa idi ta rufe da kallabi. Har ranar ƙarshe ma, in mace ta rasu a unguwa ita ake kira cikin masu wanka, ta warware kan ta wanke ta mayar da shi kashi uku kamar yadda sunna ta koyar.

Wanzami yana da sarkin aska, mahauci yana da sarkin fawa, maƙeri yana da sarkin maƙera, kuma in ɗayansu ya rasu ba wanda ke jin nauyin cewa wanzami ne. Ita da ke yin irin wannan hidima ta ɓangaren mata, katin ɗan ƙasarta menajer anka rubuta, wato matar gida marar aiki, sannan ɗiyanta su zo su tabbatar da hakan a rediyo.

"Mamaci addu'a yake so, ba kirari ba"

Wani malami maƙwabcinmu ne ya ce mini haka, Allah ya saka mishi, kuma na yarda da rabin maganar. Na ce Malam, in haka ne to a cire muƙaman ɗiyan ma, a bar sunanta da roƙon gafara kawai, ni wallahi da anka yi haka da ban rubuta komai ba. Abin da ban gane ba shi ne a samu wurin faɗin aikin suruki a rasa wurin faɗin aikin mai rasuwar.

Sannan addininmu bai taɓa jin kunyar sana'ar hannu ba. Nana Zainab bint Jahsh, matar Manzon Allah (SAW), jima take yi da hannunta tana sadaka da abin da ta samu, kuma da wannan ake yabonta har yau. Malamai kuma duk shekara in ana karatun Isra'i da Mi'iraji suna kawo ƙissar matar da ke taje wa ɗiyar Fir'auna kai, wadda mataji ya faɗi daga hannunta ta ce bismillahi, anka kashe ta da ɗiyanta saboda ta ƙi barin imaninta. Da sana'arta ake kiranta a kan mumbari, mata na kuka. Malam ya yi dariya ya ce ke dai ba a kada ki.

Ga kuma hadisin da kowa ya haddace, cewa in ɗan Adam ya mutu aikinshi ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi mishi addu'a. Matan da sunka koyi kitso a gindin bedin nan suna nan warwatse, wasu a Tawa, wasu aure ya kai su Yamai da Agadas da Arlit, suna ci da ɗiyansu da abin da ta koya musu kyauta. In sanarwa ta ce Hajiya wance matar wane, da yawansu ba za su ma gane wa ake nufi ba, don ba su taɓa sanin sunanta na yanka ba. In an ce Inna Mai Kitso kuwa take za su ɗaga hannu. Ashe faɗin sana'ar ma addu'a yake ƙara mata.

Maganar gulma

Akwai masu cewa gidan kitso gidan gulma ne, shi ya sa ba abin alfahari ba ne. To, ana gulma, ba zan rantse ba. Duk inda mata shida za su zauna awa huɗu ba su da abin yi sai jiran layi, magana za ta fito, kamar yadda take fitowa a fadar shayi ta maza, wadda ba wanda ya taɓa cewa a daina alfahari da masu zamanta.

Amma mai riƙe da kai ta fi kowa ganin asiri, kuma a nan ake gane ta ƙwarai. Tana ganin tabon da anka ɓoye ƙarƙashin ɗankwali, tana ganin gashin da ke zuba saboda ciwo ko damuwa, tana jin wuyan da ya saki saboda sabon ciki tun kafin uwar miji ta sani. Inna in ta ga ƙwarƙwata a kan yarinya ba ta faɗi gaban jama'a, sai ta ce yau hannuna na ciwo ki dawo jibi, da dare ta aika a kira uwar. Auren da ta gyara da ƴar magana a kunne tana cikin kitso, alƙali bai san adadinsu ba.

"Sai a ce ba mu riƙe ta ba"

Nan ne ainihin ciwon, kuma ina tausaya wa ɗiyan. A wurinmu in yaro ya samu, alamar ya samu ita ce ya ce wa uwa ta huta. Sun kai ta Makka, sun gyara mata ɗaki, sun sa mata firiji, ba wanda zai ce sun gaza. Sun kuma yi ta roƙonta ta bar kitso ta ƙi, tana cewa in ta zauna haka nan jikinta ciwo yake. A ganinsu duk kan da ta kama bayan sun fara albashi kamar zagi ne a gare su.

Ni ina ganin sun karanta abin a juye. Matar nan ba don ta rasa abinci take kitso a shekara saba'in ba. Tana yi ne don kuɗinta na kanta ne, ba ta jira a ba ta kafin ta yi biki ko ta ba jika na alawa, tana zuba adashenta, in an tashi gudummawa a unguwa ta sa nata ba ta tambayi kowa ba. Kuma gidanta kullum cike yake, ba ta san kaɗaicin da ke cin tsofaffin da anka ajiye gaban telebijin a Yamai ba. Da za a tambaye ta yadda take so a kira ta, ai ta riga ta ba da amsa, shekara nawa ana ce mata Mai Kitso ba ta taɓa cewa a daina ba.

To in an faɗa mi zai canza?

Wata ƙawata ta ce duk wannan surutu ne, matar ta tahi, kalma ɗaya a rediyo ba ta ƙara ta da komai. Zai yiwu. Amma abin da muke jin kunyar faɗa ranar mutuwa shi ne muke rainawa ranar biya.

Ku duba yadda muke yi. Mace za ta shiga salon a Yamai, a ƙara mata meshi, a ce jaka goma, ta buɗe jaka ta biya ba ta ce uffan ba har ta ɗauki hoto ta sa a Facebook. Ita ɗin dai in ta zo hutu Tawa za ta zauna awa uku gaban tsohuwar unguwa, a gama ta ce Inna dala ɗari ai ta yi yawa, ko ta ce bari in aiko yaro, yaron da har yau bai iso ba. Salon na da allo da suna da farashi a bango, shi ya sa muke ganinshi aiki. Ta gindin bedi kuwa mun ɗauke ta taimako, abin da aka ba ta ta gode.

Ma'aikaci in ya tsufa yana da fansho, ko ta baitulmali ko ta CNSS, asusun ma'aikata. Makitsiya fanshonta bayanta da ya ƙage da idon da ya dushe, sai ɗiya in Allah ya sa sun samu kuma sun tuna. Inna ta yi sa'a nata sun tuna. Akwai da yawa da ba su yi wannan sa'ar ba, kuna ganinsu. Abin da ya ɗan tallafi irinsu shi ne adashe da asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maradi a 1991 ya bazu ko'ina, kuma shi ma kuɗinsu ne suke tarawa da kansu, ba wani ya ba su ba.

Duk ranar 13 ga Mayu muna ɗinka anko mu yi bikin ranar matan Nijar, tunawa da matan da sunka yi maci a Yamai a 1991 don a ba su kujeru a shirin babban taron ƙasa. Abu ne mai kyau. Amma ku kalli hotunan bikin, duk kan da ke wurin wata ce ta kwana tana gyara shi, kuma da wuya ka ji an kira ta an ba ta ko takardar yabo. A SAFEM, baje kolin aikin hannun mata da ake yi a Yamai, ana nuna aikin fata da saƙa da ɗinki da turare, mutane na tafawa, to hannun da ke yin doka da zanen gargajiya ma aikin hannu ne, kuma yana ƙarewa da masu shi ɗaya bayan ɗaya.

Yarinyar da ke da baiwar kitso yau tana kallon duk wannan. Ta ga an yi shekara sittin ana abu, an gina gida da shi, an yi mushe da ma'aikaciyar likita da shi, ranar ƙarshe an ji kunyar ambatonshi. Don mi za ta zauna ta koya? Sai mu dawo muna kukan ƴan mata ba su son sana'a, sai waya.

Abu na ƙarshe, kuma wannan ga matan unguwarmu nake, mun san juna. Inna ba ta rubutu, ba ta da kaye na bashi, a kanta take riƙe komai kuma ba ta taɓa aika yaro ƙofar kowa ba. Akwai masu kuɗin kitson Salla, akwai masu na suna, akwai wadda anka yi wa ɗiyarta kitson amarci yanzu ɗiyar na da yara uku ba a biya ba. Wannan kuɗi bai mutu da ita ba, ya koma cikin gado, haƙƙin magada ne, ku tambayi duk malamin da kuke so. Ba a riga an raba ba, sadakar arba'in ma da saura. Wadda ke jin nauyin kaiwa da kanta ta ƙulle a leda ta ba yaro ya kai wa babbar ɗiyar, ta ce a faɗa mata kuɗin kitso ne.